Makullin Shagon Ƙofar Gida

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Shekara shida ke nan tun rasuwar ɗana Yusuf ina faɗa da bakina: shagon ƙofar gidan nan na 'ya'yansa ne, Rukayya da Ilham. Na faɗa a masallaci, na faɗa a wurin suna. Duk unguwar Kawo ba wanda bai ji ba. Amma yanzu ba a ɗaukar maganar dattijo sai ya ɗauko takarda. Ni da ban shiga aji ba sai na yaƙi da jahilci, da gemuna, wai ni za a koya wa yadda ake kyauta.

Laraba, 7 ga Mayu
Asibiti. Jinin ya ƙara hawa. Sun ce in bar gishiri. Ban bari ba.

Juma'a, 9 ga Mayu
Bayan salla liman, Malam Nuhu, ya ja ni gefe. Ya ce, "Tanko, jikokin nan ba su da gado a wurinka muddin ɗanka Labaran yana raye." Na ce na sani, ai shi ya sa na ba su shago.
"Makullin yana hannun wa?"
Na ce nawa.
"Kayan wa ke ciki?"
Ya ce kyautar da ba a karɓa ba, ranar da mai ita ya mutu ta koma gado. Ya ce dole sai na kwashe kayana, na danƙa makulli ga uwarsu Dije a gaban shaidu, ta riƙe musu amana. Kuma tun ina kan ƙafata. In ciwon ajali ya kwantar da ni, ta zama wasiyya, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku.
Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran rediyo a ɗakin nan. Wai in fita.

Talata, 13 ga Mayu
Ban fita ba. Ba wanda ya kawo gyara tun ƙaramar salla, amma wannan ba ruwan kowa.

Lahadi, 18 ga Mayu
Labaran ya zo daga Malali da lemo. Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma na gan shi yana auna gaban gida da ido. Ya ce, "Baba, wurin nan in aka rushe aka ja bene, ai an huta." Na ce yaran fa? Ya ce, "Haba Baba, ai 'ya'yana ne." Haka kowa ke cewa kafin a wanke gawa.
Dije tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji komai. Ba ta ɗaga kai ba. Wannan rashin ɗaga kan ya tsaya mini a ƙirji har yanzu.

Alhamis, 22 ga Mayu
Jiri ya ɗebe ni wajen alwala. Na dafa bango. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 24 ga Mayu
Buhu bakwai na matattun rediyo. Mai gwangwan ya kwashe, bai ko tambayi wanne ne mai kyau ba. Malam Nuhu ya rubuta takarda, mutum biyu suka sa hannu, ni ma na sa, a karkace. Na miƙa wa Dije makulli, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka bar shi tukuna." Na ce karɓi, kar ki ɓata mini aiki. Hannuna ne ya ƙi saki, sai da liman ya yi gyaran murya.

Talata, 27 ga Mayu
Ta shigar da keken ɗinkinta. Ina zaune a benci a waje kamar baƙo. Ƙarar keken ba ta da daɗi. To, ba ta dame ni ba dai. Abinci ma ya ɗan shiga yau.
Saura Labaran. Tun Asabar nake kiransa, sau tara, ba ya ɗauka. Liman ya ce kyauta ta tabbata, ba a bukatar yardarsa. Ni ina bukata. So nake ya zo ya tsaya a ƙofar nan, ya dubi yaran, ya dube ni, ya ce ya ji. Labaran, ni na haife ka. Ka amsa mini.