Hantar Baba da Yatsan Auta

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafa, yaya Baba da kasuwa? Mu dai alhamdulillahi, sai Auta da ya ba mu tsoro.

Kin san tseren fanfalakin da yake shiri, wanda daga shi za a zaɓi 'yan tawagar ƙasa. Shekarunsa sun ja, in ya rasa wannan, shi ke nan. To, makon jiya ya tashi babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi. Mutumin da ke gudu tun asuba har rana ta take, sai ga shi yana hawaye don gefen zanin gado ya taɓa shi. Ban taɓa ganin ɗan abu ya kayar da ƙato haka ba.

Likita ya ce gawut ne. Wai wani sinadari ne ke taruwa a jini, ya daskare a gaɓa kamar ɓarɓashin kwalba. Ya ba shi magani, ya tura mu wajen matar da ke tsara abincin 'yan wasa. Inna, na saki baki! Ashe cin abinci ma karatu ne. Ta ce ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, domin gumin dogon gudu na sa jini ya yi kauri. Ta yarda da shinkafa, dankali, ƙwai, ganye da madara marar maiƙo. Ta hana lemon kwalba da kifin gwangwani. Sai ta zo kan hanta da ƙoda, ta ce ko ƙamshinsu kada ya bi.

Nan muka kalli juna. Ɗan mahauci guda! Kin san duk tsere sai Baba ya aiko da ƙunshin hanta, wai ita ce jini, ruwa kuwa cika ciki kawai yake. Auta ya ce gara yatsan ya cire da ya mayar wa Baba kyautarsa. Ke kaɗai kika iya wa Baba, don Allah ki lallaɓa shi.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Rediyo

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, na san Baba ya dawo, na kuma san bai gaya miki komai ba sai tsadar mota. To, bari Rediyo ta yi aikinta.

Ana gobe tseren ya iso wajenmu da ƙunshin hanta a hammata. Amma bai miƙa wa kowa ba. Da safe muka tsaya bakin titi, kusa da teburin ruwa na ƙarshe, inda aka yarda mataimaka su miƙa gora. Masu gudu suka fara ɓullowa, wasu na tangaɗi, wani ya zauna a kan kwalta. Can sai ga Auta. Inna, yaron da na goya! Kansa a miƙe, ƙafar nan da muka yi jinya tana sauka daidai ba ɗingishi. Na ma manta da ihu.

Ina shirin miƙa gorar, Baba ya fizge ta daga hannuna. Mutumin da ya raina ruwa duk rayuwarsa, shi ya miƙa hannu yana cewa sha, ɗana, sha duka. Auta ya karɓa bai tsaya ba, amma na ga mamaki a fuskarsa. Ya shiga cikin waɗanda aka zaɓa.

Muka same shi zaune a ƙasa yana haki. Baba ya durƙusa gaban jama'a, ya kwance masa takalmi, ya riƙe yatsan yana juya shi a hankali, irin yadda yake laluben gaɓa kafin ya sa wuƙa. Sannan ya ce shekara da shekaru yana raba gaɓoɓi, bai san hannunsa na cutar da ta ɗansa ba. Na juya baya ina share ido.

Ƙunshin kuwa ni ya danƙa wa, wai ni da ba na gudu sai da baki. Don haka in kin ga mahauci a layin mai madara, don Allah kada ki yi masa dariya. Ya riga ya tambayi matar nan mai tsara abinci irin madarar da zai riƙa aikowa.

Auta na gaishe ki.

Taki har kullum,
Rediyo