Ba Zan Bari a Sa wa Ƙofata Zarto Ba

Anti, ki taimaka mini kafin in yi abin da za a ce ba ni da kunya.

Ni tela ce. Shekara tara ina ɗinki ina tara bulo, har Allah ya nufa gini ya kai linta. Wata biyu da suka wuce na bi ta inda ake rushe wani tsohon ɗakin karatu, na tarar an jingine ƙofarsa a bango. Katako ne mai nauyin gaske, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Na ƙwanƙwasa, na ji ƙarar da ƙofofin yanzu ba sa yi. Nan take na saya, ban shawarci kowa ba.

Ashe magini ya riga ya bar gurbin ƙofa daidai da girman ƙofofin da ake sayarwa a kasuwa, tawa kuma ta fi shi faɗi da taƙi guda. Ya ce a yanke ta. Na ce a fasa bango. Maigidana, wanda tun farkon ginin yake cewa ƙofar gaba shi zai sa, ya ce ba zai tare a gidan da aka yi wa ƙofa da kayan bola ba. Bola, Anti! Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ko za a taru a kaina, ba mai yanke ta.

Mai Taurin Kai

Mai Taurin Kai, kina da gaskiya a kan katakon. Tsohuwar ƙofa irin wannan, in aka rage gefenta, haɗin da ke riƙe ta ake yankewa, bayan damina biyu ta saki. Bulo kuwa ana fasawa a sake jerawa. Sai dai ki sa kafinta ya duba ƙasanta ko gara ta shiga, magini kuma ya tabbatar lintar za ta ɗauki ƙarin faɗin. Nan gaba, a fara sayen tsohon kaya kafin a bar masa gurbi.

Amma kin yi kuskure a kan mijinki. Ba tsufan ƙofar ne ya ƙona masa rai ba. Abu ɗaya ya ware wa kansa a gidan da kika gina da guminki, kika shigo da naki a mota ba ko sallama. Wannan ki ba shi haƙuri a kansa, ba tare da kin janye maganar zarto ba.

Ki kai shi ya ga ƙofar da rana, ya taɓa ta da hannunsa. Gyaranta, fentinta da makullinta, ki bar masa gaba ɗaya, ko da launin da ya zaɓa bai yi miki ba. Ki riƙe ƙofarki, ki bar shi ya zama wanda zai fara buɗe ta.

Allah ya sa ku shiga tare, lafiya.