Hadiza mai jin magana ta bayan bango

Zuwa ga Yaya Mariyama a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigida da yara, yaya kuke fama da farin nan? Allah ya kawo ruwa.

Yaya, hankalina a tashe yake. Gidan maƙwabcinmu nan unguwar Yantala ana kallon wani shiri a tele, na matasa masu baiwa: wani yana tashi sama, wata tana jin magana ta bayan bango. Hadizata ta ce ita ma tana ji. Da yara suka ce ta nuna, sai ta miƙe gaban jama'a ta maimaita abin da babanta ya faɗa mini a ɗaki, wai dawar taimako gidajen manyan soja take ƙarewa. Ba wanda ya yi dariya. Wani baƙo ya shafa kanta, ya ce, “'Yar gidan wa ce?”

Tun ranar, in mota ta tsaya ƙofar gida sai in leƙa in ga ko soja ne. Babanta ya ɗaure 'yar jakarsa ya ajiye, ko za a zo tafiya da shi. Ita kuwa har yanzu tambaya take don me ba a tafa mata ba.

Ki sa Inna ta yi mana addu'a, ki gaida kowa. In za ki ba da amsa, kada ki ambaci dawa.

Ƙanwarki,
Zuwaira