Ba a Taɓa Uwar Zane

Litinin, 4 ga Maris, 2013
Na fara zuwa ajin Irene a Trikania, koyon haɗa shafin intanet. Sa'ar 'yata ce, amma Malama nake ce mata. Shekara ashirin da biyu ina zanen atamfa a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, yau ga ni ina laluben harafi da yatsa ɗaya. Abin da ya kai ni: gara ta shiga akwatin zanena, ta cinye goma sha ɗaya. Saura sittin da uku. Ina so in ɗora su inda gara ba ta zuwa.

Alhamis, 7 ga Maris
Wai shafi ma riga yake sawa, sunanta tim. Wani ya riga ya zana, kai dai ka zaɓa ka zura. Ni Yakubu, in sa zanen wani? Na ji ciwo. A can ƙasan shafin har da sunan mai shi, wani Wilson, ban san ƙasarsu ba. Na sa aka nuna mini wurin, na goge.

Laraba, 13 ga Maris
Irene ta ce, "Baba, kar ku taɓa ainihin tim ɗin fa. Ku yi masa ɗa, ku yi gyaranku a kan ɗan." Na ce to. Ban yi ba. Hanyar ta yi tsawo, kuma idona na ruwa. Shuɗinsa na cire, na sa irin namu na rinin baba, mai duhu.

Lahadi, 17 ga Maris
A coci matar da ke gabana ta ɗaura zanena. Mai ganyen rogo, na 1988, ya koɗe. Har aka tashi ban ji wa'azi ba. Na gaya wa matata Rhoda a hanya, ta ce, "Da ka yi mata magana mana, Baban Gideon." In ce mata me? Sunan kamfani ne a bakin zanen, nawa bai taɓa hawa ba.

Talata, 26 ga Maris
Babu wuta a unguwarmu Makera kwana uku.

Juma'a, 5 ga Afrilu
Na gama. Sittin da uku duk sun hau, kowanne da bakin da na tsara masa. Sai wani jan rubutu ya fito wai a sabunta tim. Na zaci alheri ne, na danna.
Shuɗin Wilson ya dawo. Tsarina na sati uku ya tafi, kamar ban taɓa zama a kujerar ba. Sunansa ma ya dawo.

Asabar, 6 ga Afrilu
Irene ta ce hotunan suna nan, gyaran ne ba ya dawowa. Ba ta ce "na faɗa muku" ba, gara ma da ta ce. Abin da ya fi cina: a masaƙa dokar farko ke nan. Ba a taɓa uwar zane, kwafi ake cirewa a yi aiki a kansa. Na kori mutum daga teburina a kan wannan. Dauda, Allah ya ji ƙansa, ya tafi yana jin haushina.
Ba zan koma ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Ruwan farko. Na buɗe akwati in ɗaga shi daga ƙasa. Gara ta ci zanen ganyen rogo.

Talata, 16 ga Afrilu
Na bi ta Trikania, ba don ajin ba, wucewa nake yi. Tunda na zo, na yi wa tim ɗin ɗa. Ashe minti ashirin ne. Shuɗin baba ya hau, zane tara sun samu baki.
Da muka kai ƙasan shafi Irene ta ce, "Baba, a sake goge sunan?"
Na ce ta bari, yau na gaji.
Ban gaji ba.