Giya ta Biyu a Gangarar Kiso

Litinin, 4 ga Satumba

Gwiwar hagu a kumbure na tashi da ita. Tari da sauƙi. Shinkafa rabin kwano, shayi biyu.

Katin sabunta lasisin tuƙi ya iso. Wata mai kamawa zan cika tamanin da huɗu. 'Yata Sanae ta bugo daga Matsumoto: "Baba, ka mayar musu da lasisin nan mana, kowa sa'anka ya mayar." Na ce to wa zai kai ni wurin uwarki? Kabarin Fusae yana haikalin da ke bayan dutse, lanƙwasa goma sha tara a gangara. Shekara tara ina kai kaina a makon ziyarar kaburbura, ban taɓa fashi ba. Ta ce ita za ta kai ni. Na ce ban roƙa ba.

Alhamis, 7 ga Satumba

Tome ya zo da sabuwar a-kori-kura da ɗansa ya saya masa. Shekara talatin muka yi a daji tare, shi yana yanka itace, ni ina ɗauka. Sai da ya yi furfura ya koyi tuƙi, kuma har yau da alama.

"Genzo, fito ka ga amarya!"

Na leƙa ƙasan sitiyari. Na ce ina kulocin? Ya ce babu, ita ke sa wa kanta giya. Na ce ashe motar guragu aka saya maka.

"Wa ya kai ka gurguntaka? Dubi yadda kake tafiya a karkace kamar ƙaguwa."

Ya cinye min tsamin kabeji na sati guda.

Litinin, 11 ga Satumba

Na raka Tome ɗaukar itacen wuta a kan dutse. Mun cika ta har ta durƙusa.

A dawowa, lanƙwasa ta biyar, na ji warin nan da ba na mantawa, birki ya fara ƙonewa. Ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Na ce kai, ina birkin salansa? Ya ce ga shi na kunna, ga koriyar fitila ma, amma ba ya komai, ado ne. Na duba. Ya bar giya inda yake barinta a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, motar kuwa ta haye giyar sama abinta, inji yana barci. Birkin salansa toshe numfashin inji yake yi ya riƙe mota. Injin da ba ya huci me za a toshe masa?

"Rage gudu, jawo sandar nan zuwa biyu. Kada ka taɓa totur, kana taɓawa ya saki."

"Kai da ka ce ta guragu ce?"

"Jawo, tsohon banza, kafin mu sauka ta gajeriyar hanya!"

Ya jawo. Sai ta yi gurnani, bu-bu-bu-bu, ta dafe hanya kamar sa yana saukowa da kaya.

Ban yi zaton zai taɓa ni haka ba. Kukan nan ne Fusae take jira. Daga gida tana jin shi tun daga lanƙwasa ta sha biyu, sai ta hura wutar ruwan wanka ta ɗora miya. Motoci bakwai ke saukowa da yamma, amma ta ce tawa daban take, wai ina riƙe ta tsawon rai kamar mai jin tsoron isowa gida. Ba tsoro ba ne. So nake ta ji.

Tome ya ce me ya same ka a ido. Na ce hayaƙin birkinka ne.

Talata, 12 ga Satumba

Na shiga tawa motar. Ta tashi bugu ɗaya. Kulocin ne ƙafar hagu ta kasa kai shi ƙasa. Sau uku.

Asabar, 16 ga Satumba

Ban gaya wa Tome ba, amma ya ga ganyen da ya taru a ƙarƙashin taya.

Ya ce, "Ran Asabar mai zuwa zan zo da takwas. Kai za ka tuƙa amaryar tawa zuwa kabarin Fusae, ni in riƙe furanni. Ƙafa ɗaya ta ishe ta."

Na ce zan duba. Da ya tafi na zauna a dakali ina gwadawa da ƙafar dama kaɗai, ta hagu a naɗe. Da wani ya gan ni!

Laraba, 20 ga Satumba

Ruwa tun jiya. Matar da ke kawo wasiƙa ta ce Tome ya goga ƙarfen gefen hanya a lanƙwasa ta tara, bayan motar ne ya zame. Bai ji ciwo ba. Ɗansa ya taso daga Nagoya.

Ba kaya a baya, hanya a jiƙe, giya ta biyu da birkin salansa. Ba a yin haka, tayoyin baya zamewa suke yi. Yaron da ya yi sati a daji ya sani. Ni na koya masa rabi na bar rabi, don ina can ina sauraren kukan mota.

Na buga masa waya sau biyu, ba a ɗauka ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Gwiwa yadda take. Na yi aski. Furanni, turare, buroshin wanke dutse, da dunƙulen shinkafa mai jan wake guda huɗu, biyu na Fusae, biyu namu ni da Tome. Tun bakwai da rabi ina bakin ƙofa.

Wajen goma na ji wata mota tana saukowa, bu-bu-bu. Na miƙe. Ta masu gyaran hanya ce.

Da rana na shiga tawa na zauna. Na taɓa sandar birkin salansa, ta yi santsi inda yatsana yake kamawa. Ban tayar da ita ba.

Na buga wa Sanae. Gobe za ta zo, makon bai ƙare ba tukuna. Na tambaye ta ko motarta tana da giya ta biyu. Ta ce, "Ban sani ba, Baba, ban taɓa dubawa ba." Zan nuna mata. Duka, har da na ranar ruwa.

Lasisin na sa shi a ambulan tare da katin, don kada su ɓace ne kawai.

Furannin suna cikin bokiti. Tome bai zo ba.