Maɗaurin Da Ya Ƙi Saki

Hochwies, Tirol,
makon farko na azumin Ista.

Zuwa ga ƙanena Kassian,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da addu'ar wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Maureen da yaranku. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a kafintancinka, ya kare ku daga sanyin Kanada da kake cewa ya fi namu mugunta, ko da yake ban taɓa yarda ba. Mu ma muna nan da rai. Maigidana Severin yana nan yana fama da motar daddaɓe ƙanƙara a kan dutse. Gwaggo Notburga kunnenta ya ƙara nauyi, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi. Jar saniyar nan ta haifi maraƙi lafiyayye. Alherin da nake da shi ke nan, kuma na sa shi a gaba da gangan, domin abin da ke biye ba shi da daɗi. Na ɗauki waya in kira ka ya fi a ƙirga, sai in ajiye, don na san da na ji muryarka kuka zai ƙwace mini, in kasa faɗin komai.

'Yata Afra, 'yarka, tana asibitin birni. Kada gabanka ya faɗi fiye da kima, ranta ba ya cikin haɗari. Ƙafarta ta hagu ce, kuma zan gaya maka yadda aka yi tun daga tushe.

Ka fi ni sanin doka: makarantar koyar da zamiya a kan ƙanƙara irin tamu ba ta tsayuwa sai shugabanta yana riƙe da babbar shaida ta ƙasa, haɗe da ta jagoran dutse, kuma lokaci lokaci sai ya koma an sake gwada shi a kan katakan zamiya. Baba ya daɗe yana lallaɓawa da wannan ƙugu nasa, amma bara likita ya ce ya isa haka. Hukuma ta yi mana kara, ta ce a ƙarasa wannan sanyin, in ya wuce babu mai shaida a gidan, sai a rufe. Babbar makarantar da ke gindin kwari kuwa tuni ta baza kunne. Shugabanta ya zo har gida da kwalbar giya da murmushi, wai zai ɗauki malamanmu duka, kowa ya sa jar rigar makarantarsu. Baba ya raka shi bakin ƙofa, ya ce masa makarantar da ubansa ya kafa da katakon da ya sassaƙa da hannunsa ba za ta zama reshen kantin kowa ba. Tun daga ranar nauyin ya koma kan Afra, ita kaɗai ce a cikinmu ta yi nisa a wannan hanya.

Kassian, jarrabawar yanzu ba irin ta zamaninka ba ce, kada ka ɗauka tsohuwa ce ke zuzutawa. Ƙaramar shaida da ta jiha ta daɗe da samun su. Babbar ce ta cinye mata ƙuruciya. Ta yi darasin sanin ƙanƙara, tana haƙa rami har wuya tana duba hawa hawanta don ta gane inda za ta zaftare. An binne na'ura a gangare aka ce ta nemo ta kamar mutum ne a ƙasa yana shaƙewa. Ta haddace ƙasusuwa da jijiyoyin jikin ɗan Adam, ta yi jarrabawar koyarwa da Turanci da Faransanci, ta sauko cikin ƙanƙara mai zurfi da kan ƙullutai alƙalai suna tsaye suna kallon gwiwarta. Har da wannan juyin na a hankali da ake nuna wa sababbin koyo, wanda ta ce ya fi gudu wuya, don ba inda mutum zai ɓoye kuskurensa. Da rani, sa'anninta suna aure suna haihuwa, ita tana can ƙololuwa inda ƙanƙara ba ta narkewa, tana dawowa da leɓe a tsattsage. Duk ta haye. Abu ɗaya ya rage mata, tseren lokaci, inda gwani zai fara sauka tsakanin sanduna ya buɗe hanya, duk wanda ya yi nisa da lokacinsa ya faɗi. Wannan tsere ƙafar yara yake so, ita kuwa ta doshi talatin.

Bara ta kusa. Tana gab da ƙarshe katakonta ɗaya ya daki rami, maɗaurin takalmin ya saki ba gaira ba dalili, ta ƙarasa a ƙasa tana kallon katakon yana tafiya shi kaɗai. A shago aka daidaita mata maɗaurin, bisa nauyinta da tsawonta kamar yadda ake yi yanzu. Baba ya shekara yana yi mata gori a kan haka. Ka san wasansu. In ta shigo ya ce ga malamar da katakonta ya riga ta cin jarrabawa, ita kuma ta ce tsoho, kai da ko matakalar coci sai an riƙe ka. Ya ce ɗaurin shago na matan baƙi ne masu zuwa ɗaukar hoto. Muna ta dariya. Bana ita ce damarta ta ƙarshe, in ta faɗi sai ta sake wasu darussan daga farko, makaranta kuwa ba za ta jira ba.

Ka tuna al'adar gidanmu. Jajiberin kowace jarrabawa, babban gida shi ke shafa wa katakai kaki, ya wasa bakinsu, ya ɗaure maɗauri da sukudirebar Kaka mai ƙotar itace, kuma ba a duba aikinsa bayan ya gama. Kaka ya yi wa Baba, Baba ya yi maka. Bara Afra ta tsallake wannan al'ada, ga abin da ya biyo baya, don haka bana ba ta da bakin magana. Da la'asar ta kai masa katakan ɗakin aiki. Ta dai roƙe shi, cikin wasa, ya ƙara ƙarfin ɗaurin kaɗan kawai, ya tuna ƙafar mutum ce ba dirkar rumbu ba. Ya ce ta je ta huta, tun kafin a haifi uwarta yake wannan aiki. Ina kicin ina jiyo su. Ya fito yana goge hannu, ya ce bana ko aradu ce ta faɗo, katakon nan ba zai rabu da ita ba.

Washegari muka tafi wurin tseren, ni ina ƙasa wajen ƙarewa da butar shayi, Baba kuma ya matsa sai da aka hau da shi sama, ya tsaya a mafari tare da tsofaffin abokan aikinsa. Lambarta ta zo can baya, hanyar duk ta rarake, ta yi tauri kamar daɓe. Na hango ta tun daga nesa, don na san zaman ƙugunta a cikin dubu. Ban taɓa ganin ta yi gudu irin na ranar ba. A gangaren nan mai tsaye, bakin katakonta ya sarƙe da sanda, ta wuntsula. Faɗuwa ce irin wadda ta yi ba adadi ta tashi tana kakkaɓe riga. Amma katakon bai saki ba. Ya cake a ƙanƙara, jikinta ya juya, ƙafar ta tsaya inda take. Ihunta ya iso har inda nake. Ban san lokacin da na yar da butar ba, sai dai na gan ni ina rarrafe a gangare, wani yana riƙe ni. Sai da mutum biyu suka danne maɗaurin kafin takalmin ya fita. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta.

Ƙashin ƙauri ya karye a murɗe, jijiyoyin gwiwa sun tsinke. An yi mata aiki, za a sake wani. Likitar ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce Afra za ta yi tafiya in Allah ya yarda, wataƙila wata rana ta lallaɓa da yara a fili mai laushi, amma tsere da hawan dutse sun ƙare. Ɗaya daga cikin alƙalan, wanda Baba ne ya koyar da shi yana yaro, ya zo gaishe mu, ya ce a tsakiyar hanya lokacinta ya yi kyau har da rara. Shi a ganinsa ta'aziyya yake yi. Da ya yi shiru da ya fi mini. Garin neman gira mun rasa ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda Afra ta gaya mini da kanta bayan maganin barci ya sake ta. Ta ce tun da ta taka maɗaurin a mafari ta san ɗaurin ya yi yawa, don sai da ta sa dukan nauyinta kafin ya kama. Ta ce akwai ƙaramar sukudireba a aljihunta, juyi kaɗan ya isa. Amma Baba, kakanta, yana tsaye yana kallonta, fuskarsa cike da fara'a, abokansa kewaye da shi. In ta durƙusa ta warware ɗaurinsa a gabansu, ta ce, gara ta ɗaga hannu ta mare shi. Sai ta gyara tabarau ta tafi. Na yi fushi, Kassian, har yanzu ina yi. Ina fushi da Baba, ina fushi da ita, ina fushi da wannan gida da ya koya wa yarinya mai shaidar sanin jijiyoyi cewa fuskar tsoho ta fi ƙafarta daraja.

Baba bai je asibiti ba. Kullum yana ɗakin aiki a zaune, ba ya taɓa komai. In na kai masa miya da dunƙulen burodi, haka zan dawo in ɗauke ta ta daskare. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi masa maganar ƙaddara, ya ce wa Fada ƙaddara ba ta riƙe sukudireba. Gwaggo Notburga ta zazzage shi tas, ta ce girman kai ne ya kai yarinyar asibiti, girman kai ne kuma ya hana shi bin ta, ko ɗaga kai bai yi ba. Afra kuwa duk zuwan da na yi, idonta yana kan ƙofa a bayana. Ta ce in gaya wa tsohon nan ya zo, ba cizo take yi ba, yanzu ma sun zama ɗaya, sai su yi tseren sanda a barandar asibiti. Na isar masa. Ya juya mini baya, ya ce ba zai iya haɗa ido da ita ba sai yana da abin da zai ce mata, wato makarantar ta tsira, ƙafarta ba ta tafi a banza ba.

Shi ya sa shekaranjiya ya kira ni, ya ambaci sunanka. Tun ranar da ka ajiye rigar makaranta a kan tebur ka ce ka gaji da rayuwar da aka yanka maka tun kafin a haife ka, bai ƙara furta shi a gabana ba. Ya ce in rubuta wa Kassian, shaidarsa tana nan a bango, 'yan kwanaki kaɗan zai yi a sabunta masa ita. Ya ce in ce ubanka yana roƙo. Wannan kalmar ya yi amfani da ita, kuma na ga abin da ta ci masa kafin ta fito. To, ga saƙo na isar, ban rage ba, ban ƙara ba.

Yanzu ga nawa, a matsayina na yayarka. Kada ka dawo don makaranta. Ka gina rayuwarka a can da guminka, 'ya'yanka ba su san wani gida ba, kai ma gwiwarka ba ta yaro ba ce. Wannan allon sunan makaranta da ke saman ƙofarmu ya ci ƙugun Baba, ya kore ka ƙetaren teku, yanzu ya ci ƙafar 'yata. Ya ƙoshi. Na tambayi Afra, don ita ta fi kowa haƙƙin magana, ta ce a bar shi ya rufu, ita Kakanta take so, ba allo ba. Malamanmu za su sa jar riga su ci abinci, ba wanda zai mutu.

Amma ka zo. Zumunci a ƙafa yake, kuma akwai aiki biyu da ba mai iya yin su sai kai. Na farko, ka zauna da Baba ka ce masa a'a da bakinka, a hankali, sannan ka kama hannunsa ka sa shi a mota ka kai shi wurin jikarsa. Ni na gwada, Severin ya gwada, ba ya jin kowa. Ina tsoron in aka bar shi haka, ba zai ga fitar shanu zuwa makiyayar dutse ba, kuma in ya tafi bai je ba, wannan karaya ce da babu likitan da zai ɗora wa Afra. Na biyu, ka hau tsani ka sauke allon. Kaka ne ya kafa shi, ba na so baƙo ya taɓa shi, kai kuwa kafinta ne, za ka cire shi ba tare da ya tsage ba. In za ka iya, ka iso kafin Ista.

Ka gaida Maureen da kyau, ka ce na gode da safar ulun da ta aiko. Ka shafa mini kan Tobias da Elsie. Severin yana gaishe ka, ya ce ɗakinka na sama yana nan, zai hura murhu. Gwaggo Notburga ta ce ka zo ta ga furfurarka kafin idonta ma ya bi kunnen. Afra ta ce a gaida Kawu, wai ka sassaƙo mata sanda mai kyau, kada ka kawo mata ta tsofaffi. Allah ya kawo ka lafiya, ya ba mu ikon ɗaukar abin da ya ɗora mana.

Kada ka wahalar da kanka da ɗauko kayan aiki. Sukudirebar Kaka tana aljihun rigar girkina tun ranar da abin ya faru. Baba ya san tana wurina, bai tambaya ba. Da ita aka ɗaura allon, da ita za ka sauke shi.

Ni ce yayarka mai jiran isowarka,
Walburga.