Mai Kumatu Ta Fara Ce Mini Mama

Zuwa ga ƙanwata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara basira, ya tsare mana ke. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma faɗa da masu labarai a rediyo.

Bayanin da kika yi mini a waya na riƙe shi, kada ki raina ni. Kin ce kina kallon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta, wai sai injin ya yi wata yana lissafi kafin ya nuna abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Yanzu an ba ki injuna da yawa, kowanne ya ɗauki yankinsa suna miƙa wa juna sakamako, don ki hango gaba, ki ga yadda magani ke kama cuta. Wallahi na yi murna, har na yi wa maƙwabta fariya da abin da ban gane rabinsa ba. Ni na zaci tunda hannu ya yi yawa aiki zai ƙare da wuri, sai kika ce a'a, shekara za ki ƙara. Ke dai tun kina yarinya ba ki san ya isa ba!

Ga abin da ya sa na rubuto. 'Yarki Mai Kumatu, da kika bar mini tana rarrafe, yanzu gudu take yi, ta tsinka mini labulen ɗaki, ta ɓoye takalmin Baba a bokiti. Kuma ta fara ce mini Mama. Kullum ina gyara mata, in ɗauko hotonki daga kan firji in ce ga Mama nan. Sai ta sumbaci hoton, ta juyo ta sake kirana.

Ƙanwata, kin san Allah bai ba ni haihuwa ba. Ba zan ɓoye miki ba, kiran nan yana yi mini daɗi har cikin raina, kuma daɗin ne yake ba ni tsoro. Ban ce ki bar aikinki ba. Ki roƙi malaminki hutu, injunan ai ba sa buƙatar goyo. Ki zo ta ji ɗuminki tun ina iya gyara mata, don jiya da ta kira ni, na amsa.

Baba da Inna da Kawu suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Yayarki